RINA GASHIN ƘANANAN YARA: HUKUNCINSA DA HAƊARINSA

Duk sa'ad da salla ta gabato a birnin Katsina, kasuwar masu ƙunshi da makitsa da masu aski ta kan buɗe sosai, tun daga Babbar Kasuwa har lungunan Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa. Kowane magidanci yana so 'ya'yansa su fito fes ranar da za a tafi kallon hawan Sarki a Ƙofar Soro, wannan kuwa ba abin zargi ba ne. Amma fa a 'yan shekarun nan kwalliyar ta wuce ƙunshin hannu da ƙafa, ta hau kai. A kan shafa wa yarinya 'yar shekara uku dayis domin gashinta ya yi baƙi wuluk, yaro kuwa a kai shi shagon aski a rina masa tsakar kai da ja ko ruwan ɗorawa don ya yi kama da 'yan ƙwallo. Iyaye da yawa suna tambaya ko wannan ya halatta, kaɗan ne ke tambaya ko yana cutarwa. Alhali kuwa a wannan mas'ala amsar tambaya ta farko tana rataye ne a wuyan ta biyun.

Mu fara da abin da magabata suka bar mana. Asalin maganar rini a cikin hadisai a kan furfura ta zo. Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa a ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da a sauya wannan fari, amma a nisanci baƙi. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito cewa mafi kyawun abin da a ke sauya furfura da shi shi ne lalle da katamu, wani tsiro na ƙasar Yaman wanda idan aka haɗa shi da lalle ya kan ba da launi tsakanin ja da baƙi. A mazhabarmu, Imamu Malik ya bayyana a cikin Muwaɗɗa cewa sauran launuka sun fi soyuwa a gare shi bisa baƙi, ya kuma ce barin rinin gaba ɗaya babu ƙunci a cikinsa. Shehu Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya tafi a kan cewa rini da baƙi makaruhi ne, bai kai haram ba, lalle da katamu kuwa babu laifi.

To, yaro ba shi da furfura. Saboda haka dalilin da ya sa rini ya zama abin so ga dattijo babu shi a kan ɗan shekara huɗu. Abin da ya rage shi ne ado kawai, ado kuwa halal ne muddin bai jawo cuta ba. Shari'a ba ta ƙi a sa wa jariri launi a kai ba. A babin yankan suna, mai Risala ya ambata cewa bayan an aske kan jariri ranar bakwai babu laifi a shafe shi da turaren da a ke haɗawa da za'afaran, a maimakon jinin dabba da mutanen jahiliyya ke shafawa. Sai mai karatu ya lura da abin da aka zaɓa, abu mai tsabta, mai ƙamshi, mai laushi ga fata. Game da yara maza kuma akwai hadisin Abdullahi ɗan Umar, a Buhari da Muslim, wanda ya hana a aske wani sashe na kan yaro a bar wani sashe. Malamai sun ɗauki wannan hani a matsayin karhanci. Kakanninmu da wannan hadisi malamai suka yi ta jan hankalinsu a kan zanko da tukku, ga shi yau zankon ya dawo da sabon suna, har da fenti a kansa.

Ƙa'idar da ta rufe wannan babi ita ce ta kawar da cuta, wadda ta zo a hadisi na 32 cikin Arba'una ta Imamu Nawawi. Babba ya kan zaɓar wa kansa, ya ɗauki nauyin zaɓinsa. Yaro kuwa amana ce a hannun waliyyinsa, ba shi da bakin cewa a'a. Don haka wajibi ne mu san mene ne ainihin abin da a ke shafawa.

Lalle na gaskiya, wanda a ke shuka shi a gonakinmu a daka ganyensa, ba ya yin baƙi. Garinsa kore ne, yana ƙamshin busasshen ganye, yana bukatar sa'o'i kafin ya kama, launinsa kuwa daga ruwan goro zuwa ja mai duhu. Duk abin da aka kira baƙin lalle, wanda ke kamawa cikin rabin sa'a ya yi baƙi ƙirin, to an zuba masa wani sinadari da masana ke taƙaita sunansa da PPD, shi ne ruhin dayis, a kan kuma tayar da shi da ruwan haidirojin. Wannan sinadari yana da wata muguwar ɗabi'a. Karon farko sau da yawa ba a ganin komai sai bayan mako ɗaya ko biyu, sa'an nan wurin ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, ya ɗuri ruwa kamar ƙuna. Uwa ba za ta danganta ciwon da rinin ba, tun da an daɗe da yin salla. Daga ranar nan kuwa jikin yaron ya riga ya ƙulla gaba da sinadarin har iyakar rayuwarsa. Karo na biyu ba ya jira, cikin yini ɗaya ko biyu fuska ta kumbura, idanu su rufe. Irin wannan mutum ko ya girma baƙin rinin tufafi da wasu kayan roba na iya tayar masa da ciwon.

Ba a Turai kaɗai aka ga haka ba. 'Yan'uwanmu na Sudan, waɗanda daga wurinsu muka ari zanen ƙunshi iri-iri, sun sha wannan ɗaci tun tuni. Likitocin yara a birnin Hartum sun ba da rahoto cewa tsakanin 1984 da 1989 an kwantar da yara 31 saboda gubar lallen da aka gauraya da PPD. Dukkansu sun zo da kumburin fuska da wuya, 15 daga ciki sai da aka huda musu maƙogwaro kafin su iya numfashi, biyar ƙodarsu ta tsaya, 13 kuma suka rasu cikin yini guda da kawo su. Gubar ta fi tsanani idan ta shiga ciki, ƙaramin yaro kuwa kowa ya san hannunsa ba ya rabuwa da bakinsa, kuma ƙullin dayis da aka ajiye a gefen gado bai fi ƙarfin ɗan rarrafe ba. Ƙasashen Tarayyar Turai, inda a ke ƙera da yawa daga cikin waɗannan kaya, sun ƙayyade PPD kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa rinin, sun kuma tilasta a rubuta a jikin kwali cewa ba a yi shi domin wanda bai kai shekara 16 ba. Wanda a ke aunawa da cokali a ƙulle a leda kuwa babu mai iya faɗin ƙarfinsa, ko mai sayarwa.

A nan magana ta zo kan 'yan kasuwa. Wanda ya sayar da dayis da sunan lalle ya yi algus, hukuncinsa hukuncin mai abincin nan ne da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya baje busasshen a sama, wanda labarinsa ya zo a Sahihu Muslim. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin rajistar kayan shafa, kuma duba lambarta a jikin kwali ba ya cin minti ɗaya. Sai dai a sani, lambar shaida ce ta rajista kurum, ba izni ba ne na shafa wa ɗan yaye abin da aka yi domin manya.

Shin lalle tsantsa fa? Ga yaron da ya tasa, mai lafiya, haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai. Ga jariri kuwa akwai magana. Akwai wani ƙarancin sinadari a cikin jini, na gado, wanda likitoci ke kira G6PD, ya fi kama maza, yana kuma da yawa a Nijeriya. Mai shi lafiyarsa ƙalau har sai ya haɗu da wasu abubuwa da ke farfasa masa ƙwayoyin jini, daga cikinsu akwai kafur da a ke sa wa kayan jarirai, akwai kuma sinadarin da ke sa lalle ya kama. A 1996 likitoci a Kuwait sun ba da labarin jarirai maza 15 masu wannan ƙaranci da jininsu ya farfashe bayan an shafe jikinsu da lalle bisa al'adar murnar haihuwa. Alamar ita ce shawara, watau ido da fata su yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, yaro ya yi laushi ya ƙi nono. Shawara mai tsanani ga jariri tana taɓa ƙwaƙwalwa, taɓin da ba ya warkewa. Tun da yake yawancin iyaye ba su taɓa gwada jinin 'ya'yansu don wannan ba, abin da hankali ya yarda da shi shi ne a nisanta jariri da ɗan goye daga lalle ɗungum, musamman gidan da aka taɓa samun jariri mai shawara.

Akwai kuma wani dalili na rini wanda ya fi duk waɗannan ban tausayi. Wata uwar ba ado ta ke nema ba, gashin ɗanta ne ya yi ja, ya yi laushi, yana zuba, tana jin kunyar idon dangi, sai ta rufe shi da baƙi. Gaskiya ne wani jan gashin na gado ne, wani na rana. Amma gashin da ya kasance baƙi sa'an nan ya koɗe, ya zama ana tuge shi ba zafi, ga kumburin ƙafa ko rama, wannan tamowa ce. Wata likita, Cicely Williams, ta bayyana wannan ciwo a 1933 a ƙasar da a yau a ke kira Gana, jan gashi kuwa yana cikin alamominsa. Ba labarin nesa ba ne. A watan Yuli na 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon shekarar saboda tamowa. Jan gashin nan tamkar ƙararrawa ce da Allah ya sanya a kan yaro domin a gani a yi gaggawa, wanda ya rine shi ya ɗaure bakin ƙararrawar. Ma'aikacin lafiya ya kan auna damtsen yaro da wani ɗan zare mai launi, idan bai kai santimita 11.5 ba ga ɗan wata 6 zuwa shekara 5, an shiga haɗari. Kuɗin dayis gara a sayi ƙwai da wake da gyaɗa, a kuma nufi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, ko Babban Asibiti. Idan yaron ya murmure, sabon gashi baƙi zai tsiro da kansa.

Haka nan kan da ke da makero ko ƙuraje ko tsagar aska, kada a sa masa kowane irin rini, domin fatar da ta buɗe ta fi shan sinadari.

Ga yarinyar da ta kai shekara bakwai ko fiye, mai ƙoshin lafiya, wadda iyayenta ke son yi mata ado, hanya a buɗe ta ke. A nemi ganyen lalle a daka a gida, ko a saya wurin wanda aka amince da shi, a kwaɓa da ruwa zalla. A fara shafa ɗan kaɗan a bayan kunne a jira kwana biyu. Idan babu ja babu ƙaiƙayi, sai a shafa a gashi, a kiyaye ido, babba na zaune har a wanke. Mai son launin ya yi duhu, ai mu Katsinawa ba baƙin rini ba ne. Garin da babban malaminsa na ƙarni na 17 ya shahara da sunan Ɗan Marina ya san baba da shuni, iyayenmu mata kuwa da shuni su ke gyara kitso tun kafin a san kanti. Sai dai a tabbata shunin na ganye ne, domin na zamani shi ma a kan haɗa shi da sinadarai.

Saura mas'alar alwala, tun da a shekara bakwai a ke fara umurtar yaro da salla. Launin lalle da ya rage bayan wankewa ba ya hana ruwa isa ga gashi, alwala da wanka sun inganta. Amma ƙullin lallen da ke danƙare a kai shamaki ne, shafar kai kuwa a mazhabar Malik sai ta game kai duka, don haka a zaɓi lokacin da ke tsakanin asuba da azahar.

In kuwa an riga an shafa dayis, aka ga fuska ko leɓe ko harshe na kumbura, ko murya ta shaƙe, ko yaro ya haɗiyi wani abu daga ciki, kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai. A wanke abin da ke kansa da ruwa mai yawa, a ɗauki kwalin ko ledar a tafi da ita domin likita ya gani, a nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko wanda ya fi kusa, ko da tsakar dare ne.