Yadda Za A Gane Ko Maganin Taɓin Hankali Yana Aiki

A garuruwa da ƙauyukanmu, iyali kan sha ɗawainiya ƙwarai kafin su kai mai lalurar ƙwaƙwalwa asibiti. Wasu sai sun sayar da akuya ko buhun hatsi sannan su sami kuɗin mota da na magani. Bayan an dawo gida da ƙwayoyi kuma sai tambaya ta taso: shin maganin nan yana aiki kuwa? Idan aka yi kwana goma ba a ga canji ba, wani ya ce a daina, asarar kuɗi ce kawai. Idan kuma majiyyacin ya kwanta yana ta sharar barci, wani ya ce ai ya warke. Duka biyun kuskure ne, kuma suna cikin manyan dalilan da ke sa ciwo ya dawo bayan an fara samun kansa.

Saboda haka muka ga ya dace mu yi wannan bayani domin amfanin iyalai, da masu unguwanni, da dagatai, da kansiloli, da ma'aikatan ƙananan hukumomi, kasancewar su ne jama'a ke fara tunkara da irin wannan matsala. Bayanin ba zai maye gurbin ganin likita ba. Manufarsa ita ce iyali su san abin da za su lura da shi a gida, da abin da za su shaida wa likita ranar komawa asibiti.

Maganin yana buƙatar lokaci

Mun saba da maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha kwana uku a miƙe, da na ciwon kai da ke aiki cikin sa'a guda. Magungunan lalurar ƙwaƙwalwa ba haka suke ba, sannu a hankali suke aiki. Za mu ambaci sunayen wasu daga cikinsu kamar yadda ake rubuta su a jikin kwali, domin mai karatu ya gane wanda aka ba ɗan'uwansa.

Ga mai ciwon damuwa, wato wanda baƙin ciki ya danne shi makonni, ya daina jin daɗin komai, ya rasa kuzari, akan ba da amitriptyline ko fluoxetine da makamantansu. Yawanci sai an yi mako biyu zuwa huɗu ana sha kullum kafin a fara ganin sauƙi, kuma likita kan jira mako huɗu zuwa shida kafin ya yanke hukuncin ko maganin ya karɓi mutum. A wajen tsofaffi yakan ɗauki fiye da haka.

Ga mai taɓin hankali irin wanda ke sa mutum jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, ko zargin ana neman hallaka shi, ko surutai marasa kan gado, akan ba da haloperidol, chlorpromazine, risperidone ko olanzapine. Fizge-fizge da rashin barci kan lafa cikin 'yan kwanaki, amma muryoyin da zarge-zargen sai an yi makonni suna raguwa kaɗan-kaɗan. A nan ma mako huɗu zuwa shida ake dubawa. Bugu da ƙari, likita kan fara da ma'auni kaɗan sannan ya riƙa ƙarawa, don haka rashin ganin canji a makon farko ba hujja ba ce ta cewa maganin bai yi ba.

Alamomin da ake dubawa

Babban ma'aunin aikin magani shi ne mutum ya fara komawa rayuwarsa ta da. Ga abubuwan da ya kamata iyali su sa wa ido:

Na ɗaya, barci. Wanda a da yake kwana yana zagaye gida, yanzu yana barci da dare, yana kuma tashi da safe tare da mutane.

Na biyu, cin abinci. Wanda ya ƙi karɓar abinci don yana zargin an zuba masa wani abu, ya fara ci daga kwano ɗaya da 'yan'uwansa.

Na uku, tsafta. Yana yin wanka da sauya tufafi ba tare da an tilasta masa ba.

Na huɗu, mu'amala. Yana amsa gaisuwa, ana yin zance da shi ya tsaya a kan magana ɗaya, yana fita ƙofar gida ya zauna cikin jama'a.

Na biyar, aiki. Manomi ya ɗauki fartanya ya bi yara gona ko da na rabin yini ne, uwargida ta koma ɗora tukunya da kula da 'ya'yanta, ɗalibi ya koma makaranta.

Na shida, ainihin abin da ya sa aka kai shi asibiti. Muryoyin ba sa ɗaukewa dare ɗaya. Da farko sukan rage yawa da ƙarfi, sannan majiyyacin ya daina biye musu, daga baya ma ya fara cewa wataƙila ciwon ne ke sa shi jin su. Wannan shakka da ya fara yi babbar alama ce ta samun sauƙi.

A lura cewa a ciwon damuwa barci da cin abinci da kuzari sukan riga zuciya warwarewa. Sau da yawa mutanen gida kan ga canji tun majiyyacin yana cewa shi bai ji komai ba. Haka kuma sauƙin ba ya tafiya a miƙe. Yau da dama-dama, gobe jiki ya koma. Abin dubawa shi ne a kwatanta wannan mako da makon jiya.

Yawan barci ba shi ne waraka ba

Bayan an sha fama da mai faɗa da fashe-fashe, iyali kan ji daɗi idan suka ga ya yi laƙwas. Muna tunatar da jama'a cewa wanda ke wuni a kwance, ba ya iya tashi ya ci abinci, idanunsa a lumshe, maganarsa a sarƙe, bai warke ba tukuna. Wasu magungunan, musamman chlorpromazine da amitriptyline, suna sa barci a farkon sha, kuma hakan kan ragu bayan 'yan kwanaki. Idan bai ragu ba, a koma wa likita domin ya rage ma'aunin ko ya mayar da shansa zuwa dare. Haka nan ƙwayar diazepam tana kwantar da mutum nan take, amma ba ta magance tushen ciwon, kuma jiki kan saba da ita idan aka daɗe ana sha. Kada a saye ta a kemis ko wajen masu talla don a kwantar da majiyyaci.

Illolin magani da ake zaton ciwon ne ya ƙaru

Illar magani kan riga amfaninsa bayyana, kuma a nan ne mutane da yawa ke daina sha. Amitriptyline kan kawo bushewar baki, da taurin bayan gida, da jiri idan an miƙe da sauri. Fluoxetine kan kawo tashin zuciya da ciwon kai a makonnin farko. Olanzapine kan ƙara cin abinci da ƙiba, shi ya sa ake auna nauyi da sukarin jinin mai shan sa. Wasu magungunan kan rage sha'awar iyali, ko su kawo ɗaukewar haila, abin da kunya ke hana a faɗa, alhali likita na da dabarar gyarawa.

Haloperidol da ire-irensa kan sa rawar hannu, da sandarewar jiki, da tafiya a daddafe, da dalalar miyau. Wani kuma ya kasa zama wuri ɗaya, ya yi ta kai da kawowa saboda ƙafafunsa sun ƙi natsuwa, sai a zaci haukan ne ya tashi. A wasu lokuta, musamman ga samari a kwanakin farko, wuya kan murɗe, idanu su kafe sama, harshe ya fito. Mutane kan ɗauka bugun iska ne, alhali illar magani ce da ma'aikatan lafiya suka sani, kuma tana warwarewa cikin ɗan lokaci idan an ba da maganinta. A kai shi asibiti a ranar. Ƙwayar benzhexol da akan bayar don rage sandarewa tana cikin waɗanda 'yan shaye-shaye ke nema, don haka a adana ta sosai.

Alamomin da ba a jira da su

A garzaya asibiti mafi kusa, ko da dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki da ruɗewa, ƙuraje ko saɓar fata da gyambon baki, musamman ga mai shan carbamazepine, jijjiga ko suma, wahalar numfashi ko haɗiya, ko kuma shan ƙwayoyi fiye da ƙa'ida. Mai shan lithium da ya kamu da amai da gudawa, ko ya fara rawar jiki da tangaɗi, shi ma a kai shi nan take, domin ƙarancin ruwa a jiki, kamar yadda ake samu lokacin bazara, yana sa maganin ya taru a jini.

Haka kuma, idan majiyyaci ya fara zancen mutuwa ko kashe kansa, kada a ɗauke shi wasa, kada kuma a bar shi shi kaɗai. Makonnin farko na shan maganin damuwa suna buƙatar sa ido ƙwarai, musamman ga matasa 'yan ƙasa da shekara 25. A kawar da maganin feshi da na ɓera daga inda zai kai hannu, wani babba a gidan ya riƙe ƙwayoyin yana ba shi na kowace rana. Idan kuma mai shan maganin damuwa ya koma ba ya barci amma ba ya gajiya, ga yawan surutu da kashe kuɗi barkatai da jin ya fi kowa, kada a ɗauka waraka ce. Wani ɓangare ne na ciwon ya bayyana, kuma wajibi ne likita ya sani.

A ajiye littafin lura

Likita na ganin majiyyaci na 'yan mintuna ne a wata, iyali kuwa suna tare da shi dare da rana. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin jinya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, inda majiyyaci ke zama tare da ɗan'uwansa a cikin jama'a yana karɓar magani. Darasin wannan tsari shi ne iyali abokan aikin likita ne.

Muna ba da shawarar a sami ƙaramin littafi, a rubuta da boko ko da ajami. A shafin farko a rubuta abubuwa uku ko huɗu da suka fi damun iyali ranar da aka fara magani. Sannan a zaɓi rana ɗaya a mako, misali ranar kasuwa, a rubuta ko kowannensu ya ragu, ko yana nan, ko ya ƙaru, tare da kwanakin da aka tsallake ba a sha ba da duk wata illa da aka gani. A tambayi shi kansa majiyyacin yadda yake ji, domin jikinsa ne. Wanda ya fi kusa da shi ya raka shi asibiti da littafin da kwalayen maganin.

Idan wa'adi ya cika ba a ga sauƙi ba

Kafin a ce magani bai yi ba, likita zai so ya san ko ana sha kullum yadda ya tsara, ko kuwa ana raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata. A faɗi gaskiya idan rashin kuɗi ne, domin sau da yawa akwai mai rahusa da zai iya rubutawa. Zai so ya san inda aka saya, saboda jabun magunguna. A sayi magani a asibiti ko a kantin magani mai rajista, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa. Zai kuma tambaya ko majiyyacin na shan tabar wiwi, ko tiramadol, ko kodin, ko giya, domin suna rushe aikin magani, da kuma ko ana haɗa masa da jiƙe-jiƙe.

Idan duk waɗannan babu, likita na iya ƙara ma'auni ko ya sauya wani. Mutane da dama ba sa dacewa da maganin farko sai na biyu ko na uku, kuma wannan ba ya nufin ciwon ba ya jin magani. Ga wanda ke yawan mantawa ko ƙin haɗiyar ƙwaya, akwai allurar da ake yi bayan 'yan makonni.

Idan an ga sauƙi

Samun sauƙi shaida ce cewa maganin yana aiki, don haka a ci gaba da sha. Mai ciwon damuwa kan ci gaba aƙalla wata shida bayan ya warware. Mai taɓin hankali da ya same shi karon farko kan yi kimanin shekara guda ko fiye, wanda kuma ciwon ya sha dawo masa yana iya buƙatar magani na shekaru, kamar mai hawan jini ko ciwon suga. Dainawa farat ɗaya kan kawo jiri da rashin barci, ciwon kuma ya dawo bayan makonni ko watanni. Likita ne zai rage shi daki-daki idan lokaci ya yi. Mai niyyar azumi ya nemi a daidaita masa lokutan sha tun kafin watan ya kama. Mace mai juna biyu, ko mai shirin ɗauka, ko mai shayarwa, ta sanar da likita da wuri, musamman idan tana shan valproate, wanda ke iya yi wa ɗan tayi illa. Addu'a da shan magani kuwa ba sa hana juna.

Kira ga shugabannin al'umma

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma ba masu wannan lalura kariya daga cin zarafi da wariya. Muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su hana ɗaure majiyyata da mari ko duka, su taimaka wa marasa ƙarfi da kuɗin mota ranar komawa asibiti, su kuma riƙe sirrin iyalan da suka kawo musu kuka. Za a iya farawa daga cibiyar lafiya ta matakin farko ko babban asibiti mafi kusa, waɗanda za su tura mutum gaba idan akwai buƙata, zuwa asibitocin ƙwararru irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano.

Daga ƙarshe, muna roƙon kowane iyali da kada su daina magani, ko su ƙara, ko su rage, sai da sanin likita, kuma kada su tsallake ranar komawa asibiti ko da majiyyaci ya ce ya warke. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.