Tsofaffin Bindigogin Tibet a Gidajen Adana Kayan Tarihi

Bindigar gargajiya ta ƙasar Tibet, wadda mutanen ƙasar ke kira menda, ta shiga hannunsu ne wajen ƙarni na 16, kuma ba su rabu da ita ba har cikin ƙarni na 20. Ta baki ake ɗura mata albarushi da harsashi, sa'an nan a kunna wani lagwani na igiya mai cin wuta a hankali, wanda kunamar bindigar ke saukarwa kan albarushin idan an danna ta. Abin da ya fi bambanta ta da sauran bindigogi shi ne wasu dogayen ƙafafu biyu da ake ɗaura mata kusa da baki, na itace ko na ƙahon barewar ƙasar, waɗanda maharbi ke kafawa a ƙasa domin saiti ya tsaya. Masu hali kuwa sukan ƙawata kotarta da azurfa.

Waɗannan bindigogi sun daɗe saboda amfaninsu bai tsaya ga yaƙi da farauta ba, domin ana rataye su a ɗakunan ibada na mabiya addinin Buddha a matsayin hadaya, kuma a da mahaya kan fito da su a babban bikin addu'a na Monlam a birnin Lhasa, suna harbin bara a kan dawakai a guje.

Sai dai hanyar da wasu makaman Tibet suka bi zuwa Turai tana da ɗaci. A ranar 31 ga Maris 1904, lokacin mamayar da Birtaniya ta yi wa Tibet ƙarƙashin jagorancin Francis Younghusband, sojojin Birtaniya masu bindigar Maxim mai aman wuta sun kashe ɗaruruwan 'yan Tibet a kusa da ƙauyen Guru, yawancinsu riƙe da takubba da irin waɗannan bindigogi masu lagwani, daga baya kuma aka kwashi kaya masu yawa daga ganuwoyi da wuraren ibada zuwa Ingila.

Nazari mai zurfi a kan makaman ya samu ƙarfi a 2006, sa'ad da gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya baje kolinsu ƙarƙashin kulawar masani Donald LaRocca. Wannan aiki abin yabo ne ƙwarai, amma haƙƙi ne a kan duk gidan tarihin da ke riƙe da bindigar Tibet ya bayyana wa masu ziyara ko sayenta aka yi, ko kyauta ce, ko kuwa ganimar yaƙi.