Karen da Ba Shi da Aikin Yi

Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Da hanci kare yake sanin duniya: ƙwayoyin jin ƙamshi a hancinsa kan kai miliyan 300, namu kuwa wajen miliyan 6 ne. Takalmi cike yake da warin mai shi, ga fata mai daɗin tauna, ga kuma haƙora 42 suna jiran abin yi.

Karen farauta bai san wannan damuwa ba. Da rani yana gaban maharba, hanci a ƙasa, yana bin sawun zomo da gafiya, ya dawo da yamma a gajiye ya yi barcinsa. Haka Azawak, dogon siririn karen Abzinawa, da gadin zango da korar barewa ya tashi. Hadisan da suka halatta ajiye kare ma aiki suka ambata: farauta, kiwo da gadin gona. Ko karen Ashabul Kahfi a bakin kogo ya miƙe ƙafafunsa, mazaunin mai gadi.

Karen birni fa? Yana kulle a keji yini guda, a zuba masa abinci a kwano, kafin ka juya ya lashe. Saura duk zaman kare a karofi ne. Daga nan sai haushi ba dalili, da tonon ƙasa, da yaga tabarma, a ce ya lalace, alhali zaman banza ne ya ishe shi.

Irin wannan matsala ta sami Joe Markham, mai garejin gyaran mota a Denver ta Amurka. Karensa Fritz duwatsu yake taunawa har haƙoransa suka fara zaizayewa. Wata rana yana gyaran motar Volkswagen ya jefa masa wata roba daga jikinta, kare ya rungume ta ya manta da dutse. Daga nan aka ƙera Kong, wadda ta shiga kasuwa a 1976: roba mai tauri da rami a ciki. A cusa abinci, a toshe bakin da niƙaƙƙiyar gyaɗa, a sa a firiza ya daskare. Sai ka ga kare ya danne ta da ƙafafun gaba, yana zura harshe, ya ɗaga ya yar, ya bi ɓarɓashin da ya faɗo da shinshina.

Ba mugunta ba ce a sa dabba ta nemi abincinta. A 1963 masanin halayya Glen Jensen ya nuna cewa ɓeraye kan danna maɓalli su sami abinci ko da ga na banza a gabansu.

Sai dai a kula. Robar ta fi ƙarfin haɗiya, a wanke ta bayan kowane ci, a kuma rage abin da aka cusa daga kason yini. Albasa, inabi, cakulan da sinadarin zaƙi na xylitol guba ne ga kare, dafaffen ƙashi kuma yakan tsage ya huda hanji. Roba ba ta maye gurbin fita yawo. Karen bana shi ke maganin zomon bana, amma inda babu zomo, mai gida ne zai samar masa abin bi.