Zaɓen da ake yi kafin zaɓe: Yadda jam'iyyu ke fitar da gwanin takarar shugaban ƙasa

A ranar 25 ga Fabrairun 2023, 'yan Najeriya sama da miliyan 93 ne ke da rajistar zaɓe, kuma jam'iyyu 18 ne suka fito a takardar ƙuri'ar shugaban ƙasa. Wanda ya ga dogayen layuka a rumfunan zaɓe a ranar zai ɗauka nan aka fara komai. Alhali kuwa tun kusan wata tara kafin nan aka gama tankaɗe da rairaya. Atiku Abubakar ya zama ɗan takarar PDP ne da ƙuri'a 371 kacal. Bola Ahmed Tinubu kuma ya samu tikitin APC da ƙuri'a 1,271. Akwai makarantun sakandaren gwamnati da yawa da ɗalibansu suka fi wannan adadi, wataƙila har da taku.

Wannan shi ne zaɓen fid da gwani, wato zaɓen cikin gida da jam'iyya ke yi don tsayar da mutum ɗaya daga cikin masu neman ta ba su takara. Mun ga ya dace mu tattauna shi da ku, ƙannenmu, saboda da yawanku za ku cika shekara 18 nan ba da jimawa ba, ku karɓi katin zaɓe. Ranar da kuka shiga rumfa, ba za ku ga sunan kowa a takardar ba. Tambarin jam'iyyu za ku gani. A 2023 akwai tsintsiya, da lema, da kwandon kayan marmari, da hoton uba da uwa da ɗa. Mutumin da ke bayan kowane tambari kuwa, wasu ne suka riga suka zaɓo muku shi.

Dalili yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 131 ya gindaya sharuɗɗa ga mai son zama shugaban ƙasa: ya kasance haifaffen ɗan Najeriya, ya kai shekara 35, ya yi karatu aƙalla zuwa matakin kammala sakandare ko kwatankwacinsa, sannan ya zama ɗan wata jam'iyya kuma ita ta tsayar da shi. (Ku lura da sharaɗi na uku. Takardar WAEC ko NECO da kuke ta haɗa gumi a kanta ta isa ta fuskar ilimi.) A da shekara 40 ake buƙata, sai a ranar 31 ga Mayun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran da ya rage ta zuwa 35, bayan fafutukar ƙungiyoyin matasa. Amma sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙofar da kowa sai ya bi ta cikinta. Komai farin jinin mutum, in babu jam'iyyar da ta tsayar da shi, to sai dai ya yi kallo.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ba jam'iyyu hanyoyi uku. Akwai 'yar tinƙe, wadda wasu ke kira ƙato-bayan-ƙato, inda duk ɗan jam'iyya mai rajista zai kaɗa ƙuri'a. Akwai zaɓe ta hanyar wakilai, wato deliget. Akwai kuma maslaha, inda masu neman takara za su yarda su bar wa mutum ɗaya, da sharaɗin kowannensu ya amince a rubuce. Manyan jam'iyyun biyu duk hanyar deliget suka bi.

To me ya sa wakilan suka yi ƙaranci haka? Dokar ta ce wakilan da aka zaɓa musamman don wannan aiki ne kawai za su yi zaɓe. Hakan ya fitar da shugaban ƙasa, da gwamnoni, da 'yan majalisa, da sauran manya waɗanda a baya muƙaminsu ke ba su ƙuri'a kai tsaye. 'Yan majalisar da suka rubuta dokar da hannunsu sai daga baya suka farga sun rufe wa kansu ƙofa. Suka yi gaggawar gyara, amma Buhari bai sa hannu ba har aka yi zaɓukan aka gama. Don haka APC ta ɗauki wakilai uku daga kowace ƙaramar hukuma. Ku yi lissafin da kanku: 774 sau uku, 2,322 ke nan. PDP kuwa wakili ɗaya ta ɗauka daga kowace ƙaramar hukuma. Jihar Kano mai ƙananan hukumomi 44 ta tashi da wakilan APC 132, Katsina mai 34 ta samu 102, Bayelsa mai takwas kuwa 24. Wannan ne ya sa masu neman takara suka yi ta zarya gidajen gwamnatin jihohi, domin a mafi yawan lokuta gwamna ne ke riƙe da akalar jam'iyyarsa a jiha, kuma inda ya nuna can wakilai ke bi.

Kafin a kai ga wakilai ma, sai an sayi fom. APC ta sa kuɗin fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne a wata. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi, ko da ba zai ci ba ba zai sha ba, sai ya yi sama da shekara 277 yana tarawa kafin ya sayi fom ɗin APC. An rage wa matasa da mata kuɗin, gaskiya ne, amma rabin miliyan 100 ma wane matashi ne zai iya? A ganinmu, an rage shekarun takara da hannun dama, an ɗaga farashi da hannun hagu.

Daren da Tambuwal ya koma kan mumbari

Ranar Asabar 28 ga Mayun 2022 PDP ta yi nata taron a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja. Tun kafin ranar jam'iyyar ta fara zubar da mutane. Rabi'u Musa Kwankwaso ya fice ya koma NNPP. Peter Obi ya fice saura 'yan kwanaki, ya nufi jam'iyyar Labour, ta ba shi takara a Asaba. Mohammed Hayatu-Deen, wani tsohon ma'aikacin banki, ya janye yana kukan cewa kuɗi sun mamaye harkar. Jaridu sun yi ta kawo rahotannin rabon daloli ga wakilai, har jami'an EFCC suka bayyana a wurin taron.

Fafatawar ta fi zafi tsakanin Atiku da gwamnan Ribas na lokacin, Nyesom Wike. Kowane mai neman takara ya hau mumbari ya yi jawabinsa ya sauka, har da gwamnan Sakkwato Aminu Waziri Tambuwal. Can sai ga Tambuwal ya sake hawa. Ya ce ya janye, kuma magoya bayansa su zaɓi Atiku. Da aka ƙirga, Atiku na da 371, Wike 237, Bukola Saraki 70, gwamnan Bauchi Bala Mohammed 20. Tazarar ƙuri'a 134 ce tsakanin na ɗaya da na biyu. A zaɓen da masu kaɗa ƙuri'a ba su kai dubu ɗaya ba, janyewar gwamna guda ba ƙaramin abu ba ce.

Wike bai haƙura ba. Shi da gwamnonin PDP na Binuwai, da Oyo, da Abiya, da Inugu suka haɗa kai suka ƙi yi wa Atiku aiki, suna cewa bai kamata ɗan takara da shugaban jam'iyya, Iyorchia Ayu, duk su fito daga Arewa ba. A ƙarshe Tinubu ya ci babban zaɓe da ƙuri'a kusan miliyan 8.8, Atiku ya samu kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Uku na ƙarshen nan duk 'yan PDP ne a farkon shekarar 2022. Ku haɗa ƙuri'unsu ku gani. Shi kuwa Wike, a watan Agustan 2023 aka rantsar da shi ministan Abuja a gwamnatin APC.

Na APC ma bai zo da sauƙi ba. Rigimar can ita ce ta karɓa-karɓa: bayan shekara takwas na Buhari, shin mulki ya koma Kudu ko ya ci gaba da zama a Arewa? Ana daf da taro shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya gabatar da shugaban Majalisar Dattawa Ahmad Lawan, ɗan Yobe, a matsayin ɗan takarar maslaha. Gwamnonin APC na Arewa suka ce ba da su ba, Kudu za a kai takara. A dandalin Eagle Square, daren 7 ga Yuni, sai aka yi ta janyewa ɗaya bayan ɗaya ana mara wa Tinubu baya: Godswill Akpabio, Ibikunle Amosun, Kayode Fayemi, gwamnan Jigawa Badaru Abubakar, har da Uju Kennedy-Ohanenye, mace ɗaya tilo a cikin jerin. Washegari aka sanar da sakamako. Rotimi Amaechi ya zo na biyu da 316, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo na uku da 235, Lawan ya samu 152. Osinbajo ya yi tashe sosai a Facebook da Twitter a wancan lokaci, amma masu sharhi a waya ba su ne deliget ba.

Janyewa a daren zaɓe ba sabon abu ba ne. A taron SDP da aka yi a Jos a 1993, Atikun nan ne ya janye wa Moshood Abiola, wanda hakan ya taimaka masa ya kayar da Babagana Kingibe. A Disambar 2014 kuma, a Legas, Buhari ya samu ƙuri'a 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954. Ku duba yadda sunaye ɗaya ke ta dawowa shekara da shekaru.

To a wancan lokaci me ya hana a koma 'yar tinƙe kowa ya huta? Majalisa ta so ta wajabta hakan a 2021, Buhari ya ƙi sa hannu, ya kawo hujjar tsada da matsalar tsaro. Mu dai mun fi karkata ga 'yar tinƙe, don sayen mutum dubu biyu da aka tara a otal-otal ɗin Abuja ya fi sayen miliyoyi sauƙi. Sai dai ita ma tana da nata ciwon. A 2018 APC ta yi 'yar tinƙe, Buhari shi kaɗai ne ɗan takara, aka sanar ya samu ƙuri'a miliyan 14.8. A babban zaɓen 2019, da duk ƙasa ta fito, miliyan 15.2 ya samu. Mutane da dama sun ɗaga gira. In rajistar 'yan jam'iyya ba ta da inganci, wanda ke riƙe da littafin rajistar shi ke rubuta sakamako.

Su wane ne wakilan nan, kuma daga ina suke fitowa? Ba daga sama suke faɗowa ba. Najeriya na da mazaɓu 8,809, kuma daga tarukan jam'iyya na mazaɓa da na ƙaramar hukuma ake fitar da shugabanni da wakilai. Tarukan nan ba sa cika, ba a nuna su a talabijin, sau da yawa ma jerin sunaye kawai ake kawowa daga gidan wani babba a ce an amince. Mu ɗaliban jami'a mun iya zazzafar muhawara a kan wane ne ya fi cancanta, amma ƙalilan ne a cikinmu suka san sunan shugaban wata jam'iyya a mazaɓarsu. Matasan da ake gani a harkar galibi masu liƙa fasta ne da masu rakiyar motoci.

Ga ɗan aiki ga masu darasin Gwamnati, da ma duk mai sha'awa. In kun koma gida, ku tambayi baba ko yaya ko wani maƙwabci ɗan siyasa: su wa suka wakilci ƙaramar hukumarmu a zaɓen fid da gwani na 2022, uku na APC da ɗaya na PDP? Wa ya zaɓe su, kuma a ina aka yi taron? Wanda ya samo amsa ya kai wa malaminsa a tattauna a aji, ko ya rubuto wa wannan shafi ba tare da ambaton sunan kowa ba.