Kayan Sojan Ruwa a Kasuwa: Arahar da Ke Kai Mutum Gaban Alƙali

Duk wanda ya saba ratsa kasuwannin Adjamé da Treichville ya san irin sallamar da muke nufi. Yamma ta yi, sai wani saurayi ya raɓo rumfa da buhu a kafaɗa, ya rage murya, ya buɗe bakinsa kaɗan: takalman soja sababbi fil, ko bargo, ko rigar ceto ta masu shiga ruwa, ko jarkar gazuwal. Kuɗin da ya yanka bai kai rabin na kanti ba, kuma sauri yake yi. A nan ne ɗan kasuwa ke bukatar natsuwa, domin cinikin minti biyar yana iya cinye mutuncin shekara talatin.

Ba abin mamaki ba ne irin wannan kaya ya riƙa ɓullowa a Abijan. Tun da aka buɗe mashigin Vridi a 1950, garin ya zama babbar tashar jiragen ruwa, kuma sansanin sojan ruwan ƙasa yana Locodjro, a bakin tafkin Ébrié, tafiyar da ba ta da nisa daga rumfunanmu. Rikicin da ya ɓarke a watan Satumba na 2002, da na bayan zaɓen 2010, sun sa kaki da kayan soja sun faɗa hannun mutanen da ba a ba su ba. Har yau ragowar wannan al'ada ba ta gushe ba.

Matsalar tsohuwa ce a duniya. A Ingila, saboda yawan satar kayan jiragen yaƙi, hukuma ta riƙa buga alamar kan kibiya a jikin ƙarfe da katako, tana kuma saƙa zare mai launi cikin igiyoyin jiragenta don a gane su ko'ina. Dokar 1875 kan kayan hukuma ta tanadi hukunci ga wanda ya goge alamar, da wanda aka kama da kayan ya kasa bayanin yadda suka zo hannunsa. Hikimar a fili take: idan babu mai saye, ɓarawo ya rasa kasuwa.

Dokar ƙasar nan ma haka ta nufa. Kundin hukunta laifuffuka na 2019 ya ɗauki karɓa ko ɓoye kayan da mutum ya san na sata ne a matsayin laifi mai kai wa kurkuku, abin da ake kira recel da Faransanci. Sanya kakin soja ba tare da izini ba shi ma laifi ne. Kada kuma wani ya dogara da cewa zai ce bai sani ba. Alƙali kan dubi farashin, da lokacin cinikin, da alamar da ke jikin kayan. Soja kansa ba shi da ikon sayar da abin da aka ba shi don aiki. Aro ne a hannunsa.

Addininmu ya riga kowa faɗa. Ciniki ba ya inganta a kan abin da mai sayarwa bai mallaka ba, kuma aya ta 161 ta Suratu Ali Imrana ta yi gargaɗi mai tsanani kan ha'inci a dukiyar ganima, wanda malamai suka faɗaɗa zuwa dukiyar jama'a. Rigar ceto ɗaya da ta bar ma'aji ta dawo rumfa, wataƙila ran wani ce aka sayar ranar da jirgi ya kife.

To, mene ne abin yi? Mu tambayi asalin kaya, mu nemi takardar saye mai suna da hatimi. Kayan da hukuma ta daina amfani da su ana fitar da su ne ta gwanjo na fili, da takarda. Mu ja kunnen yaran shago da dillalanmu, domin abin da yaro ya karɓa, maigida ake tambaya. Iyaye mata kuma su lura da abin da 'ya'ya ke shigowa da shi gida.

Yawancinmu baƙi ne ko 'ya'yan baƙi, kuma amana ce jarin da iyayenmu suka zo da shi tun zamanin fataucin goro da shanu. Idan aka kama mutum ɗaya, sunan jama'a duka ake kira. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Allah Ya wadata mu da halal, Ya tsare mana mutuncinmu, amin.