Gwajin jini kafin aure: Bangaskiya ko gwada Ubangiji?

Wata ranar Asabar da yamma, wata budurwa daga unguwar Mayo Gwoi ta shigo shagon maganin da nake aiki a Jalingo, riƙe da takardu biyu a naɗe. Ba magani ta zo saye ba. Sai da mutane suka ragu ta matso, ta ce, "Anti, don Allah ki duba mini wannan. Kwamitin aure na cocinmu ya ce a dakata da bikinmu."

Sakamakon gwajin jini ne, nata da na saurayinta, kuma dukansu AS ne. Shekara huɗu suna tare, saura mako biyar a ɗaura aure. An biya sadaki, an raba anko, an yi sanarwar farko a majami'a. Da na gama yi mata bayani, sai ta share hawaye ta ce, "Shi ya ce idan muna da bangaskiya, Allah zai canja jinin."

Ba ranar na fara jin wannan magana ba, shi ya sa na kawo ta wannan fili.

Abin da haruffan ke nufi

Jinotaif shi ne irin jinin da mutum ya gada, rabi daga uwa, rabi daga uba. Daban yake da rukunin jini na A, B, AB da O, wanda ake dubawa idan za a yi ƙarin jini, kuma da yawa suna haɗa su. Mai AS lafiyarsa ƙalau, sai dai yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila, wadda Bahaushe ke kira amosanin jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya haka yake, kuma an ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a ƙasar nan kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. A nan mutane ke kuskure, su ce za su tsaya a 'ya'ya uku tunda na huɗu ne zai zo da cutar. Ba layi ake bi ba. Kowane ciki da nasa lissafin, don haka ɗan fari na iya zuwa da ita, na biyu ma haka. Auren AS da AC shi ma yana iya kawo SC, wani nau'in cutar.

Mu da ke bayan kanta muna ganin abin da ke biyo baya. Uba ya zo ƙarshen wata da takardar likita mai ɗauke da folik asid, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da haidroksiyuriya, ya ƙirga kuɗin hannunsa, ya ce a ba shi rabi. Uwa ta zo da jajayen idanu bayan kwana uku tana jinyar yaron da ƙasusuwansa ke masa kamar ana sara. Ga neman jini da tsakar dare, ga makarantar da yaro ke rasawa. Aure da yawa sun jijjiga a kan wannan, har dangin miji su ɗora laifin a kan matar, alhali rabin gadon daga ɗansu ya fito.

Me koyarwar Kirista ta ce?

Jalingo gari ne mai ɗarikoki da yawa: Katolika, Methodist, CRCN, ECWA, Angalika da majami'un Fentikos. Sun bambanta a wasu abubuwa, amma sun haɗu a kan cewa aure alkawari ne na har mutuwa, wanda ake ɗauka a gaban Allah da ikkilisiya, cewa za a zauna tare ko da lafiya ko babu. Alkawarin da ba a warware shi da sauƙi kuwa, bai kamata a shige shi ido rufe ba. Dalilin da ya sa majami'u da dama ke neman takardar gwaji kafin a sa rana ke nan.

Littafi Mai Tsarki bai raba bangaskiya da hankali ba. A sura ta 14 ta Bisharar Luka, Yesu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya lissafa ko abin hannunsa zai kai shi ƙarshe. Almajiranci yake koyarwa a wurin, amma darasin ya shafi duk wani babban alkawari. A sura ta 4 ta Matiyu, Iblis ya kai shi ƙololuwar Haikali ya ce ya faɗo, tunda mala'iku za su tare shi. Yesu ya ƙi, domin yin haka gwada Allah ne. Luka kansa likita ne, kamar yadda Manzo Bulus ya ambace shi a wasiƙarsa ga Kolosiyawa. Mai bi yana addu'a ga marar lafiya, yana kuma kai shi asibiti. Amma a ga rami a gaba a taka, a ce Allah zai tare, wannan ba shi ake kira dogara ba.

A ɓangaren ilimi, jinotaif ba ya canjawa da azumi, ganye ko wani ƙarin abinci. Ko wanda aka yi wa dashen ɓargo ya rabu da ciwon, ƙwayar gadon da zai ba 'ya'yansa tana nan. Idan aka ga AS ya koma AA a takarda, yawanci ɗayan gwaje-gwajen ne aka yi kuskure, ko an ƙara wa mutumin jini kwanan nan, ko kuma an sayi takardar.

Wannan na ƙarshe shi ne mafi muni. Akwai masoyan da ke neman inda za a rubuta musu AA don su wuce kwamiti. Ana iya yaudarar fasto da dattawa, amma jinin jaririn ba ya karanta takarda. Idan kuma ɗaya ne ya ɓoye wa ɗaya, an kafa gidan a kan ƙarya. A dokar cocin Katolika ma, yaudara a kan abin da zai iya dagula zaman aure ƙwarai tana cikin dalilan da za su sa a ce auren bai ɗauru ba tun farko.

Matsalar lokaci

Laifin da nake gani a tsarinmu shi ne gwajin yana zuwa a makare. Sai zuciya ta riga ta tafi, iyaye sun san juna, kuɗi sun fita, sannan a ce a kawo takarda. A lokacin, faɗa wa yarinya ta haƙura kamar cire mata haƙori ne ba allura. Tun ran gini ran zane. Ƙungiyoyin matasa da Zumuntar Mata za su iya shirya ranar gwaji a harabar coci, ko da sau ɗaya a shekara, misali kusa da 19 ga Yuni, Ranar Sikila ta Duniya. Iyaye kuma su gwada 'ya'yansu tun suna ƙanana, yaro ya tashi ya san nasa kamar yadda ya san sunansa.

Ba Kiristoci kaɗai abin ya dama ba. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin jinotaif, ƙanjamau da ciwon hanta kafin aure. Sikila ba ta tambayar inda mutum yake ibada.

Ga masu shirin aure

Ku tafi tare, ku karɓi sakamakon tare. Ku je wurin da aka amince da shi, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Taraba da ke nan Jalingo, ku nemi gwajin da ake kira ilektiroforesis, domin ƙaramin gwajin sikila na gaggawa ba ya bambanta AS da SS. Ku maimaita a wani wuri daban. Wanda aka ƙara wa jini ya jira aƙalla wata uku.

Sakamakon ƙanjamau ko ciwon hanta nau'in B ba lallai ya kashe aure ba. Mai ƙanjamau da ke shan magani kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar kwanciya. Ciwon hanta kuma yana da allurar rigakafi sau uku ga abokin zama, da wadda ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa.

Waɗanda suka riga suka yi aure suna renon mai sikila, ba zunubinsu ba ne ya jawo, kuma ba gori suke buƙata ba. Ikkilisiyar da ta iya haɗa kuɗin biki za ta iya haɗa masu ba da jini. Mai SS ma yana iya aure. Idan ya auri AA, 'ya'yansu AS za su zama.

Ita budurwar nan, ban ce mata ta fasa ko ta ci gaba ba, domin hukuncin nasu ne su biyu. Na dai ce, "Ƙanwata, ku sake gwaji, ku zauna da likita da fastonku, ku kuma ziyarci gidan da ake renon mai sikila kafin ku yanke." Bayan wata biyu mahaifiyarta ta zo sayen maganin hawan jini, ta ce an mayar da sadaki, yarinyar ta sha kuka amma ta fara dawowa hayyacinta. Na ce, "Sannu Mama, Allah Ya ba ta wanda ya fi alheri." Ta amsa da amin, sannan ta nuna yara uku da ke tsaye a bakin ƙofa, ƙannen yarinyar, ta ce, "'Yata, ina zan kai waɗannan a gwada su tun yanzu?"