Injin Haƙar Kuɗi Da Zafin Bazara: Nasiha Ga Malamai Da Fatake

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan bayani ne a kan wani inji wanda labarinsa ya iso kasuwannin Gusau da Tsafe da Bungudu ta bakin samari masu riƙe da waya. Suna cewa mutum ya saye shi ya ajiye a ɗaki, ya sa masa wuta, shi ke nan, yana barci kuɗi na taruwa. Ɗan kasuwa ya ji wannan magana, sai ya tafi zauren malaminsa yana neman fatawa. Malami kuwa ba ya yanke hukunci a kan abin da bai san siffarsa ba. Saboda haka aka ga ya kamata a bayyana siffar injin, da abin da yake ci, da abin da yake bayarwa, domin mai tambaya da wanda aka tambaya su kasance a kan basira.

Fasali na farko: asalin abin

Kuɗin da ake kira Bitcoin an fara shi ran 3 ga Janairu 2009, watau cikin Muharram na shekara ta 1430. Wanda ya ƙago shi ya ɓoye kansa ƙarƙashin sunan Satoshi Nakamoto. Ba tsaba ba ne, ba takarda ba ne. Kundi ne guda na lissafi, an kwafe shi cikin kwamfutoci dubbai a duniya, ana rubuta wane ya ba wane kaza. Kimanin kowane minti 10 akan ƙara shafi ɗaya. Injuna suna tsere wajen cinkar wata lamba, wanda ya riga dacewa shi ke rufe shafin, a ba mai shi lada. Wannan tseren ne aka sa wa suna haƙa, bisa aron kalma, alhali ba diga ba shebur.

Ladan nan Bitcoin 50 ne da farko. Bayan kowane shafi 210,000, wajen shekara 4 ke nan, sai a raba shi biyu. Ya koma 25 a 2012, da 12.5 a 2016, da 6.25 a 2020, sa'an nan 3.125 a watan Afrilu 2024. Duniya duka ke nan tana rabon kimanin 450 a yini. Yawan injuna ba ya ƙara wannan adadi, domin bayan kowane shafi 2,016, watau kamar mako biyu, tsarin da kansa yakan tsananta lissafin gwargwadon yawan masu tsere. Misalinsa rijiya ce da rani: idonta ɗaya, ruwan da take kawowa ƙayyadadde, in guga ta yi yawa rabon kowa ya ragu. Mai inji ɗaya ba shi da begen rufe shafi shi kaɗai, sai ya shiga gayya da dubban mutane ta intanet, a raba masa gwargwadon aikin injinsa.

Fasali na biyu: abin da injin yake ci

Wayar hannu ba ta haƙar Bitcoin, kwamfutar ofis ma haka. Injin da ake yi da shi an ƙera shi don wannan aiki kaɗai, ba ya rubutu, ba ya wani amfani dabam. Mafi shahara su ne na kamfanin Bitmain na ƙasar Sin, waɗanda ake kira Antminer. A ɗauki samfurin S19 Pro na 2020 a yi misali da shi. Akwati ne na ƙarfe, nauyinsa wajen kilo 13, da alluna 3 a ciki da fankoki 4. Yana jan wuta wat 3,250, kamar a kunna dutsen guga na lantarki guda 3 a bar su dare da rana.

To, ga lissafi irin na kasuwa. A sa'a 24 yana cin yunit 78. A watan Afrilu 2024 hukumar kula da lantarki ta Nijeriya ta kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wuta sa'a 20 a yini, daga baya cikin shekarar aka sassauta zuwa wajen naira 209. A wannan farashi injin yana cinye naira dubu 16 da 'yan kai kullum. Abin da irinsa ya riƙa samowa cikin 2025 kuwa yana tsakanin dala 4 da dala 7 a yini, watau kimanin naira dubu 6 zuwa dubu 11 a canjin shekarar. Jaki ke nan wanda harawarsa ta fi kuɗin dakonsa. Ba a ma sa kuɗin sayensa da na kwastan da na gyara ba tukuna.

Wanda ke rukunin da wuta ta fi araha, sa'o'insa sun fi kaɗan, injin kuwa in ya tsaya ba lada. Mutanen Zamfara, waɗanda ke samun wuta ta hannun kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, ba su manta ba da watan Oktoba 2024, sa'ad da manyan layuka suka lalace, yawancin Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu. In aka ce a koma ga janareto, yunit 78 na bukatar man dizal lita 25 ko fiye a kullum. In aka ce hasken rana, sai an shimfiɗa faranti kusan 40 masu wat 500, da batura masu ɗaukar dare. Har ila yau injin ba ya aiki sai da intanet. A watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda sha'anin tsaro, mutane suka yi makonni ba sadarwa. Inji a irin wannan hali ƙarfe ne kawai.

Fasali na uku: zafi da ƙura

Duk wutar da ta shiga injin nan zafi take komawa, ba ragi. Murhu ne wanda ba a dafa kome a kansa. Masu ƙera shi sun rubuta kada iskar da yake shaƙa ta wuce digiri 40 a ma'aunin zafi. Ga shi kuwa a ƙasar Gusau, cikin Afrilu da Mayu, zafi kan kai wannan haddi a inuwa, balle cikin shago mai rufin kwano da azahar. In zafi ya fi ƙarfinsa sai ya kashe kansa, in aka dinga matsa masa alluna su lalace.

Hanyoyin sanyaya shi huɗu ne. Ta farko iska. A raba ɗaki biyu da allo, injin ya shaƙi iska ta gefen inuwa, ya fitar da mai zafi ta wata kafa zuwa waje, kada ta komo masa. Wannan ita ce mafi sauƙin kuɗi, amma iska ba ta sanyaya abu fiye da sanyinta, kuma da hunturu tana zuwa da ƙura. Ƙurar nan takan liƙe a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi, kamar yadda toka ke toshe murhu. Dole a sa matata a bakin taga, a riƙa wanke ta, a riƙa hure injin.

Ta biyu ruwa, bisa hikimar randa. Kowa ya san ruwan randa yana sanyi ne domin yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska tana kwashe shi tare da zafi. Da wannan hikima Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Masu injuna sukan kafa jiƙaƙƙen labule mai ramuka, iska ta ratsa shi kafin ta isa injin. Da bazara, sa'ad da iska ta bushe, wannan yana rage zafi ƙwarai. Amma yana shan ruwa a daidai lokacin da rijiyoyi ke ja baya da garuwa ke tsada, da marka kuwa ba ya aiki, sai ma danshi ya jawo tsatsa.

Ta uku na'urar sanyaya ɗaki. Inji ɗaya yana bukatar na'ura guda sukutum mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, ita kuma ta ƙara wajen sulusi a kan kuɗin wuta. Wanda ke faɗuwa tun da fari ya ƙara wa kansa nauyi ke nan. Ta huɗu a cire fankoki a tsoma injin cikin wani mai na musamman wanda wuta ba ta bi ta cikinsa, famfo yana kewaya da man zuwa waje ya huce. Wannan ta kawar da ƙura da ƙara, amma aikin masu babban jari ne da gwanaye.

Akwai kuma haƙƙin iyali da maƙwabta. Kukan fankokin nan ba ya yankewa, ba a karatu kusa da shi, ba a barci. Siririyar wayar gida in aka ɗora mata wat 3,250 dare da rana tana iya narkewa ta ta da gobara, a kasuwa kuwa gobara ba ta tsayawa a rumfa ɗaya. Zamfara ta riga ta ga abin da shigo da aikin haƙa cikin gida ke haifarwa. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, an riƙa niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, ƙurar dalma ta kashe yara wajen 400, har likitocin Na-gari Na-kowa suka zo ɗauki. Ido yana kan zinariya, ba a lura da ƙura ba. Allah ya jiƙansu.

Fasali na huɗu: inda abin ke riba

Ba a ce babu masu cin riba ba. Akwai su, amma a dubi inda suke zaune. Da gwamnatin Sin ta hana haƙa a 2021, injuna suka yi ƙaura zuwa Amurka da Kazakistan, inda wuta ke da araha. Wasu suna ƙasashen ƙanƙara irin su Norwe, inda Allah ya ba da sanyi kyauta. A Afirka sun taru a Habasha, ƙasar tuddai mai sanyi da manyan madatsun ruwa, inda a 2024 ake sayar musu da yunit wajen santi 3 na dala, alhali naira 209 ta kai wajen santi 14. Falke da ke sayen kaya fiye da ninki huɗu bisa ga abokan tserensa, ya kai kasuwa guda da su, ya san makomarsa. Kuma duk sa'ad da aka raba lada biyu, manyan kamfanoni sukan sallami tsofaffin injuna da araha su sayi sababbi. Araha ba ta ado. Injin da mai wutar santi 3 ya gaji da shi ba zai yi wa mai wutar santi 14 alheri ba.

Fasali na biyar: sharuɗɗan saye da maganar malamai

Malaman duniya sun saɓa a kan kuɗin kansa. Muftin Masar na lokacin, Shawki Allam, ya haramta mu'amala da shi a farkon 2018, majalisar malaman Indunusiya ta hana a riƙe shi a matsayin kuɗi a watan Nuwamba 2021, majalisar shari'a ta hukumar hannun jari ta Malesiya kuwa ta halatta cinikinsa a kasuwanni masu rajista a 2020. Ta fuskar doka, Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna taɓa shi ran 5 ga Fabrairu 2021, ya janye hanin a Disamba 2023, dokar hannun jari ta 2025 kuma ta sa shi ƙarƙashin kulawar hukuma.

Amma akwai abubuwan da ba saɓani a kansu. Na ɗaya garari. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, a babin ciniki, ta hana sayar da kifin da ke cikin kogi da ɗan da ke cikin uwarsa. Wanda aka ce ya aika kuɗi a saya masa kaso cikin injin da ke wata ƙasa, bai gan shi ba, bai san mai shi ba, an kuma yanka masa riba tabbatacciya kowane wata, wannan cinikin biri a sama ne. Rugujewar CBEX a watan Afrilu 2025, wadda ta tafi da dukiyar jama'a masu yawa a Nijeriya, ta isa wa'azi. Na biyu ɓoye aibi. Dillalin da ya san allo ɗaya cikin 3 ya mutu, ya yi shiru, ya ci haram. Mai saye ya sa a kunna masa injin yini guda cur, ya ga alluna duka suna aiki, a rubuta sharaɗin mayarwa gaban shaidu. Na uku satar wuta. Wanda lissafi ya ƙi masa, Shaiɗan yakan raya masa ya kewaye mita. Wannan cin dukiyar jama'a ne, yana kuma ƙone taransifoma ya jefa unguwa cikin duhu. Na huɗu dukiyar amana. Kuɗin marayu da na adashi da jarin uban gida ba a kai su inda tsammanin faɗuwa ya rinjayi na riba.

Saboda haka in ɗan kasuwar Tsafe ya zo yana shawarar sayar da hatsin rumbunsa, ko manomin Bungudu yana nufin kai shanun huɗarsa kasuwa don wannan inji, malami ya ba shi alƙalami ya yi masa tambaya uku: nawa kake sayen yunit, sa'a nawa wuta ke tsaya maka, ina za ka kai zafin? In ya kasa amsa ɗaya, to, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda kuwa Allah ya hore masa farantai 40, ya duba kusa da shi. Ga masu neman ƙanƙara da azumin bazara, ga masu niƙa, ga masu ban ruwa a fadamun gulbin Sakkwato, dukansu suna biya hannu da hannu, kuma cinikinsu ba wanda ya yi saɓani a kan halaccinsa.

Allah ya tsare dukiyar Musulmi, ya sa albarka a kasuwanni, ya ba ƙasar Zamfara lafiya da zama lafiya. Amin. Haza wassalam.